Ina ƙofar Ma'aikatar Jin Ƙai take a nan Kano?

Baban_Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya san abin ya amsa, a ajiye siyasa gefe. Wannan ma'aikatar jin ƙai ta tarayya da kullum muke ji a rediyo an ware mata biliyoyi, idan mutum yana da gajiyayye a layinsu, kamar matar da miji ya rasu ya bar ta da marayu, ko tsoho makaho da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, ina zai kai sunansa? Na tambayi mai unguwarmu ya ce a ga kansila, kansila ya ce abin na Abuja ne. Ni a ganina ma'aikatar nan ba ta da ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa. Wanda yake da wata hujja ya kawo.

Ɗan_Kwari: Wa alaikumus salam. Ƙofa akwai ta mana, a gidan ɗan siyasa take. Ka nemo uban gida kawai.

Shugaban_Zaure: Ɗan_Kwari, mutumin nan ya ce a ajiye siyasa, kai kuma da ita ka buɗe. A yi a hankali.

Malamin_Gwale: Baban_Walida, tambayarka a kan hanya take, kuma amsar ba mai daɗi ba ce: a tsarin, ba kai kake zuwa ka kai suna ba, su ne suke zuwa. Na taɓa yin aikin ɗaukar bayanai na wucin gadi a irin wannan rajistar, don haka bari in faɗi yadda aka tsara ta. Akwai babban kundin rajistar marasa galihu na ƙasa. Ofishin da ke riƙe da shi a Abuja ana ce masa NASSCO, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ake kira SOCU. To wannan na jihar, ma'aikatan gwamnatin jiha ne, ba na tarayya ba. Su ne suke tura ayari daga ƙaramar hukuma zuwa gari ko unguwa. Idan sun je sai a tara maza daban, mata daban, matasa daban. A tambayi kowane rukuni, a wajenku wane ne talaka? Wasu su ce wanda ba ya ɗora tukunya sau biyu a rana, wasu su ce wanda damina take shigo masa ɗaki. Sai kowane rukuni ya lissafo gidajen da suka dace, a haɗa jerin ukun, a karanta a gaban jama'a. Bayan nan mu masu na'ura mu bi gida-gida: mutum nawa ne a gidan, rufin kwano ne ko azara, ina ake ɗebo ruwa, yara nawa ke zuwa makaranta. Kwamfuta ce take ba kowane gida maki. Shiga kundin kuma ba shi ne samun kuɗi ba, daga cikinsa ake tsamo waɗanda za a biya.

Baban_Walida: Allah ya saka da alheri Malam. To ke nan idan ayarin bai taɓa zuwa Kurna ba, ko ya zo ranar da baiwar Allah nan take asibiti da yaro, shi ke nan ta rasa?

Malamin_Gwale: Sai an sake zagayowa. Akwai jami'in karɓar koke da aka ce a ajiye a ƙaramar hukuma, amma mutum nawa ne suka san da shi? Sannan da aka fara, ƙananan hukumomin da suka fi talauci aka fara bi, yawanci na karkara. Mu na cikin birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa da sauransu, daga baya hankali ya zo kanmu. Lokacin korona ne aka gane cewa mai turin baro a Singa idan bai fita yau ba, ba a cin abinci a gidansa. Shi ya sa a Janairun 2021 aka ƙaddamar da wata rajistar gaggawa ta talakawan birane, wadda ake yi ta saƙon waya.

Ummu_Hanif: Ni dai zan faɗi abin da idona ya gani, don kada a ce duk ƙarya ne. Gwaggona a ƙauye ta daɗe tana karɓar naira dubu 10 duk bayan wata biyu a zamanin Buhari. Ranar biya za ka ga mata sun yi layi a filin firamare tun da sassafe, kowa da katinta a ƙulle a bakin zani. Da kuɗin suka kafa adashi su goma sha, da kwasarta ta zo ta sayi akuya. Akuyar nan ita ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, don sau biyu tana haihuwar tagwaye. Ba ta san kowa ba wallahi, ko kansilansu ba ta sani ba.

Ɗan_Kwari: Hajiya, akuya ɗaya a cikin mutum miliyan nawa? Kuma kin san kuɗin waye aka ba ta? Kuɗin Abacha ne.

Injiniya_Sharaɗa: Wannan kam gaskiya ya faɗa, ko da wasa yake. Dala miliyan 322 da Suwizalan ta maido a ƙarshen 2017, sharaɗin da aka gindaya shi ne a raba wa talakawa ta wannan shirin, Bankin Duniya yana sa ido. Shi ma bankin ya ba da rancen dala miliyan 500 tun 2016, daga baya aka ƙaro wani na miliyan 800. Abin da nake so mutane su riƙe shi ne, rance ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Don haka tambayar Baban_Walida ba roƙo ba ne, haƙƙi yake bi.

Sannan ku duba wani lissafi. Naira dubu 5 a wata a 2016, dala tana wajen 305 a farashin gwamnati, kusan dala 16 ke nan. Dubu 25 da Tinubu ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da dala ta kai wajen 1,500 a 2024, dala 16 da 'yan kai ne. Wato adadi ya ninka sau biyar, ƙarfin kuɗin yana nan inda yake. Bambancin ma, wancan ana ta biya shekara da shekaru, wannan sau uku ne kawai, dubu 75 a dunƙule, ga gidaje miliyan 15 da aka ce za a kai wa. A 2024 buhun shinkafa ya haura dubu 70.

'Yar_BUK: Injiniya ka manta ma da farko dubu 8 aka ce za a riƙa ba gidaje miliyan 12 tsawon wata shida, a Yulin 2023. Da aka yi caa a kai ne aka janye.

Hajiyar_Tarauni: Ni abin da ke ɗaure mini kai, kowa tallafi tallafi. Shinkafar da aka raba a mazaɓarmu bayan cire tallafin mai, ta wannan ma'aikatar ce ko ta gwamna?

Malamin_Gwale: Hajiya kin taɓo inda ake rikicewa. Wancan daban ne. A Agustan 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗi, gwamnoni ne suka raba ta hanyarsu. Akwai kuma na 'yan majalisa, akwai na attajirai da azumi, akwai na hukumar agajin gaggawa idan an yi ambaliya ko gobara. Duk talaka sunansu ɗaya a wajensa. Wanda bai samu ba sai ya zagi wanda ya fi jin sunansa a rediyo.

Ɗan_Kwari: To ai su suka ja wa kansu zagin. Minista guda aka dakatar a kan miliyan 585.

'Yar_BUK: Bari in jero muku, don na yi aikin makaranta a kan wannan. Shirye-shiryen nan, N-Power, ciyar da 'yan firamare, rancen ƙananan 'yan kasuwa da tallafin kuɗi, an fara su a 2016 ƙarƙashin ofishin mataimakin shugaban ƙasa Osinbajo, Maryam Uwais ce mai ba da shawara a kansu. A Agustan 2019 Buhari ya ƙirƙiri ma'aikatar ya ba Sadiya Umar Farouq, aka kwaso shirye-shiryen aka zuba mata. Tinubu ya naɗa Betta Edu a Agustan 2023, ya dakatar da ita ranar 8 ga Janairun 2024 bayan wata takarda ta fito wadda ta nemi a tura miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya. Kwanaki kafin nan an dakatar da Halima Shehu, shugabar hukumar da ke gudanar da shirye-shiryen. Sai aka tsayar da shirye-shiryen kansu, aka ce na mako shida. Kujerar minista ta zauna babu kowa har Oktoban 2024 da aka kawo Nentawe Yilwatda, shi kuma a Yulin 2025 ya tafi ya gaji Ganduje a shugabancin APC, aka sake ɗauko Bernard Doro, ɗan Filato kamar Nentawe. Ku lura da lokacin da kujerar take wayam, a cikinsa aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, wadda duk mun ga abin da ta zama a garin nan.

Shugaban_Zaure: Madalla da bayani. Amma ina tunatar da mu, zargi daban, hukunci daban. Kada wani ya kira wani ɓarawo a zauren nan, kotu ce mai wannan. Wanda ya yi zan goge.

Ɗan_Kwari: Ranka ya daɗe ban kira sunan kowa ba. EFCC ce da bakinta ta ce ta ƙwato sama da biliyan 30 a binciken ma'aikatar. Ni ban iya ƙirga biliyan ba, yadi nake aunawa.

Mai_Keken_Hannu: Salam. Na karanta duka, kuma kamar kullum an taru a kan kuɗin rabo. Ni shan inna ta taɓa ni tun ina ɗan shekara uku, walda nake yi, kekunan guragu muke ƙerawa ni da yarana. Ba na jiran alat ɗin kowa. Abin da nake so daga gwamnati doka ce da ta riga ta sa wa hannu. Buhari ya rattaba hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware mana aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta sa tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, miliyan ɗaya ga kamfani. An kafa mana hukuma a 2020, a ƙarƙashin wannan ma'aikatar da kuke magana.

To kwanaki na je wani ofishi neman takarda, ba zan faɗi suna ba. Mai sa hannun yana bene na biyu. Masinja ya ce in ba shi takardun ya kai, na ce ai sai an ga fuskata. Ƙarshe kekena na bari a ƙasa wajen mai gadi, na sa silifas a hannu na ja jiki na hau. Farar shadda ce a jikina, Juma'a ce. Da na isa, mutumin kirki ne, ya miƙe yana ta ba ni haƙuri, har ya zaro dubu ɗaya zai ba ni. Na ce masa ranka ya daɗe riƙe kuɗinka, ka sauko da teburinka ƙasa kawai.

Ummu_Hanif: Innalillahi. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri Yaya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Hajiyar_Tarauni: Kuma ba ofisoshi kaɗai ba, har masallatanmu. Sabon masallaci za a gina na miliyoyi, matakala bakwai, babu wanda zai tuna da gurgu ko tsoho mai ciwon gwiwa. Wannan ba sai Abuja ta zo ba.

Ɗan_Brigade: Ni fa in faɗi gaskiya ko za a ji haushi. Wasu daga cikinsu ba sa son a taimake su, bara ta fi musu. Je ka danjar Ƙofar Nassarawa ko titin Zoo da yamma ka gani. An hana bara tun zamanin Kwankwaso, Ganduje ya sake hanawa a 2020, Hisba ta kwashe su, gobe sun dawo.

Mai_Keken_Hannu: Ɗan_Brigade, akwai masu hakan, ban musa ba, har cikinmu muna faɗa da su. Amma kafin ka kore mutum daga titi, ina ka tanadar masa? Yaro makaho ko kurma a garin nan, in ba makarantar Tudun Maliki ba, nawa ka sani? Wanda ya gama karatun wa ya ɗauke shi aiki? Ina da yaro a shago mai difloma, kurma ne, duk inda ya je da takardunsa sai a ce za a neme shi. Wanda aka sallama daga asibitin kutare na Yadakunya ya warke sarai, wa zai sayi ƙosai a hannunsa? Kamun Hisba ba ya amsa wannan.

Ɗan_Brigade: Na ji wannan. Amma masu kawo yara daga ƙauye suna zaunar da su a rana don a ba su sadaka fa?

Gardin_Tsangaya: Na san nan za a zo, duk hirar da aka fara sai an sauke ta a kan almajiri. To ku sani almajiri ma ba ya cikin lissafin wannan tallafin, domin gida ake rubutawa, shi kuwa gidansu yana Jigawa ko Katsina ko Damagaram, yana kwana a soron malam. Ciyarwar da aka riƙa yi a firamare, 'yan aji ɗaya zuwa uku ake ba, a kan naira 70 kowane yaro da farko. Yaron da ya fi kowa yunwa a unguwa yana tsaye a bakin katanga da robarsa yana kallo. Jonathan ya gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, ku je ku ga yadda da yawansu suka koma. A 2020 da korona aka loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu kamar su suka kawo cutar. Yanzu an yi hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, a 2023 aka sa hannu a dokarta. Muna jira mu gani.

'Yar_BUK: Allah gafarta Malam, ita wannan hukumar a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi take, ba ta jin ƙai ba.

Gardin_Tsangaya: To kin ga matsalar ai. Yaro ɗaya, cikinsa na wata ma'aikata, allonsa na wata.

Ɗan_Brigade: Malam cikinsa na ubansa ne. Wanda ya haifa shi zai ciyar, haka addini ya ce. Kada mu ɗora wa gwamnati komai.

Shugaban_Zaure: Jama'a mun yi nisa. Maganar almajirai mun yi ta a zauren nan har mun gaji, wanda yake so ya buɗe mata nata. A dawo kan tambayar Baban_Walida.

Mai_POS_Kabuga: Bari in kawo nawa, don ni a hannuna ake cirar kuɗin. Lokacin da dubu 25 ɗin nan ta fara shigowa, na ga tsofaffi da dama sun zo. Wasu ba su ma san kuɗin mene ne ba, sai su ce yaro duba mini an ce gwamnati ta turo. To akwai abu biyu da nake gani. Na ɗaya, yanzu sai da lambar NIN da asusu ake biya. Dabara ce mai kyau don a toshe sunayen bogi, amma wadda ta fi kowa buƙata ita ce ba ta da katin, ko tana da shi sunan ya saɓa. A kati Hauwa'u, a banki Kulu, a rajista Jummai, kuma duk ita ce. Shekarar haihuwa kuwa kowane wuri da wadda aka ƙiyasta mata. Na biyu, layin wayar da aka rubuta mata na ɗan maƙwabta ne ko na jika. Kuɗi ya shigo, yaro ya ga saƙo, ya yi shiru. Na taɓa korar wani yaro da ya zo da katin kakarsa, na ce sai ya zo da ita.

Ummu_Hanif: Wasunku ma masu POS ɗin ba ku da tausayi. An cire wa wata maƙwabciyata dubu biyu a cikin dubu 25, wai kuɗin caji.

Mai_POS_Kabuga: Anti ba zan kare kowa ba, akwai azzalumai a cikinmu. Ku riƙa raka tsofaffinku.

Hajiyar_Tarauni: Ga kuma masu fom. Wani ya zo layinmu da jaka da katin wuya, ya ce daga Abuja aka turo shi, kowace mace ta kawo naira dubu ɗaya da hoto biyu da kwafin katin ɗan ƙasa. Mata suka yi ta rance suna kaiwa. Har yau ko ƙurarsa. Ni abin da ya fi damuna ma ba dubu ɗayan ba, lambobin mutane da ya tafi da su.

Malamin_Gwale: Don Allah a yaɗa wannan: shiga rajistar kyauta ce, ba a sayar da fom. Haka wannan saƙon da ke yawo a WhatsApp, wai danna nan ka tura wa mutum goma sha biyar ka karɓi tallafi, damfara ce. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka a waya, ɓarawo ne ko da wace riga ya zo.

Ɗan_Kwari: Malam kana ta kare rajistar nan. Gwamnoni da kansu a taron majalisar tattalin arziki a Yulin 2023 suka ce ba su yarda da ita ba.

Malamin_Gwale: Sun faɗa. Amma ka tambayi kanka, ma'aikatan wa suka tattara sunayen? Na jihohin ne. Kuma me suka nemi a yi a madadinta? Kowace jiha ta yi tata. Ni ban ce rajistar ba ta da datti ba. Na ga inda mai gari ya tura sunan matansa, na ga inda mutane suka ɓoye babur da talabijin da suka ji muna zuwa. Kuma ta tsufa: wanda aka rubuta a 2017 wani ya rasu, wani ya samu buɗi, wanda yake da rufin asiri a lokacin yau shi ne abin tausayi. Amma na ga kuma inda mata suka miƙe a gaban dagaci suka ce wance ba ta cikin jerin nan kuma ta fi mu duka buƙata, aka sa ta. Idan ka rushe wannan ka koma rabon gurabe, kashi kaza na shugaban jam'iyya, kashi kaza na kansila, to gwaggon Ummu_Hanif ba za ta ƙara ganin ko sisi ba.

Injiniya_Sharaɗa: Ni matsalata da girman abin ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin 100, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke. Kano kaɗai sama da miliyan 10. Babu ma'aikatar da za ta raba kuɗi ta fitar da wannan adadin. A ba Sharaɗa da Bompai da Challawa wuta, masaƙu da majemu su dawo aiki, rabin masu layin tallafi za su watse da kansu. Tallafi a bar wa wanda ba zai iya aiki ba: tsoho, mara lafiya, mai marayu.

Mai_Keken_Hannu: Injiniya a nan mun haɗu. Rabin ribata a man janareta take tafiya.

Gardin_Tsangaya: Kuma muna da namu tsarin da muka yi wa riƙon sakainar kashi. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Da attajiran Kwari da Singa da Dawanau suna fitar da zakka yadda Allah ya ce, a ba mutum abin da zai ja jari ba dubu biyu a ambulan ba, da ba mu tsaya jiran Abuja ba.

Ɗan_Kwari: Allah gafarta Malam muna fitarwa. Amma ni gara in ba wanda na sani hannu da hannu. Hukuma kuma? A'a.

'Yar_BUK: To ka ga kai ma wanda ka sani kake ba. Me ya raba ka da kansilan da kake zagi?

Ɗan_Kwari: Nawa kuɗina ne, shi na jama'a ne. Ki bari sai kin fara nema ƙanwata.

Baban_Walida: Na gode wa kowa, na ƙaru. Amma ku yi haƙuri, har yanzu ina nan a kan bakana. Malamin_Gwale ya nuna mana akwai tsari, na yarda. Sai dai tsarin da sai ya ga dama zai zo maka, kai ba ka da inda za ka same shi, a wajena bai cika ba. Talauci ba ya jiran zagayowar ayari. Miji yana rasuwa yau, gobe gidan ya canza. Mazaɓu 484 ne a jihar nan. Me zai hana a ce kowace mazaɓa akwai tebur ɗaya, ko a asibitin sha-ka-tafi ne, rana ɗaya a mako, inda za a kai suna a ba mutum 'yar takardar shaida, a zo a bincika?

Malamin_Gwale: Ranar da aka buɗe teburin nan, unguwar gaba ɗaya za ta zo, har mai gidan bene. Dalilin da ya sa aka ce jama'a su zaɓa da kansu ke nan. Amma dai a yanzu abin da zan ce ka yi: ka tabbatar tana da NIN, ta buɗe asusu da sunan da ya yi daidai da na katin, layin waya ya zama nata na kanta. Sannan ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku ka nemi jami'in da ke kula da rajistar, a sashen walwalar jama'a ake samunsu. Ban yi maka alkawarin komai ba.

Hajiyar_Tarauni: Kafin nan ku 'yan layin ku haɗa mata wani abu. Mu a namu duk Juma'a kowane gida yana kawo gwangwani ɗaya na hatsi, mata uku muke riƙe da shi, kuma ba ma sanarwa a masallaci don kada a kunyata kowa.

Injiniya_Sharaɗa: Malam, in unguwa duka ta zo ai sai a tantance, aikin na'urar taku ke nan. Tsoron layi ba hujja ba ce ta rufe ƙofa. INEC ma layi ake yi mata kuma tana rajista.

Malamin_Gwale: INEC kati take bayarwa, ba kuɗi ba. Kuma kowane gida da za a tantance sai an biya mai zuwa, an sa masa mai a babur. Wa zai biya, jiha ko tarayya? A kan wannan ma kaɗai sai a shekara ana jayayya.

Mai_Keken_Hannu: In za a yi teburin dai, a ajiye shi a ƙasa. Kuma ni da gaske nake, ina so mu rubuta takarda a kan maganar gine-ginen nan, mu sa hannu da yawa. 'Yar_BUK, ke da kika iya tsara magana, za ki taimaka?

'Yar_BUK: Zan yi in sha Allah Yaya, bayan jarrabawa. Amma sai mun tsayar da wanda za a aika wa, hukumar ta Abuja ko majalisar jiha, don yawancin gine-ginen da kake shiga na jiha ne da na ƙananan hukumomi.

Ɗan_Brigade: Ku aika wa gidan rediyo kawai, a karanta da daddare. Shi suka fi ji.